Kubwa, Lugbe ko Mararaba: Ina Ya Fi Dacewa Ka Kama Haya a Gefen Abuja?

Ranar da ƙanena ya karɓi takardar kama aiki a Sakatariyar Tarayya, ko gaisuwa ba mu gama ba a waya ya jefo mini tambaya: "Yaya, a ina zan kama gida?" Na ce ya fara gaya mini ƙarfe nawa ake son ganinsa a ofis, da mota zai zo ko babu, kuma iyalinsa yanzu za su biyo shi ko sai an kwana biyu. Ya ɗan yi shiru, don shi a zatonsa sunan unguwa zan faɗa masa da kuɗin hayarta, shi ke nan. Abin da muka shafe makonni muna tattaunawa shi ne na tattara a nan, saboda kusan kullum akwai wanda aiki ko kasuwa ke jawowa Abuja daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Bauchi, ya sauka bai san gabas ba bai san yamma ba, dillalai su yi masa caa.

Mai albashin gwamnati, ko ɗan kasuwar da bai riga ya yi ƙarfi ba, ba ya ɓata takalminsa a Maitama ko Asokoro. Tun da aka dawo da babban birnin ƙasa daga Legas a watan Disambar 1991, yawancin masu yi wa birnin hidima a gefensa suke kwana. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara tura jama'a waje. Manyan hanyoyi uku ne suke kwaso mutane da safe su mayar da su da yamma: hanyar Kubwa wadda ta miƙe har Zuba, titin filin jirgin sama da ya ratsa Lugbe, da hanyar Keffi da ta bi ta Nyanya da Mararaba. Duk gidan da ka kama, ka ɗaura aure ne da ɗaya daga cikin hanyoyin nan har shekara guda, tunda kuɗin shekara za a karɓa a hannunka tun ran farko.

Bari in fara da Kubwa, don ita na fi sani. Tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari, kuma ta fi sauran tsufa a tsari. Gwamnati ce ta yanka tsofaffin sassanta irin su Phase 2, Phase 3, Phase 4 da FHA, saboda haka akwai tituna masu kwalta da layuka da aka fitar tun asali. A can aka tsugunar da wasu daga cikin Gbagyin da aka tasa daga ƙauyukan da suka zama tsakiyar birni, shi ya sa har yau za ka ji ana cewa Maitama a cikin Kubwa. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai sansanin masu yi wa ƙasa hidima, akwai bankuna da kasuwanni, ga kuma kasuwar Dei-Dei a kusa, inda ake samun kayan gini da katako da dabbobi da kayan miya. Mutum zai iya shafe wata bai shiga cikin birni ba in ba aiki ne ya kai shi ba.

Babban abin da Kubwa ta fi 'yan'uwanta da shi shi ne ruwa. Madatsar ruwa ta Usuma, wadda take shayar da Abuja, tana nan kusa da Ushafa, kuma tsofaffin unguwannin Kubwa suna kan bututun hukumar ruwa. Wanda bai taɓa zama a gidan da sai an kira 'yan ga-ruwa kafin a ɗora tukunya ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba. Mai iyali ya sa wannan a sahun gaba. Wankin yara, wanke-wanke, alwala, banɗaki, duk a kan uwargida nauyin yake sauka, kuma ita ce za ta fara gajiya da gidan tun kafin maigida ya lura.

Na biyu, hanyar gida. Idan garinku Kaduna ne, Zariya, Kano, Katsina ko Gusau, daga Kubwa ba ka buƙatar keta birni. Ka fito ka nufi Zuba, ka hau hanyar Kaduna. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tsayawa a tashar Kubwa kafin ya wuce Rigasa. Kowa ya san harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, da yadda aka dakatar da shi sai a Disambar shekarar ya dawo, amma har yanzu shi ne abin da mutane da yawa suke zaɓa. Akwai kuma jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, wanda wani reshensa ya taso daga Idu ya biyo ta Dei-Dei ya ƙare a Gbazango.

Sai dai sunan Kubwa yana da faɗi, kuma dillali ya san haka. Zai ce maka gida yana Kubwa, sai ka je ka tarar da shi can ƙarshen Byazhin ko Chikakore, inda kwalta ta ƙare, famfo bai kai ba, ɗan acaɓa kuma yana ninka kuɗi da zarar an yi ruwa. Wasu gidajen tsofaffin sassan kuma sun ji jiki: rufi yana yoyo, wayoyin wuta sun tsufa, mai gidan yana zaune a wani gari, kuɗinsa kawai yake jira. Unguwannin da suka jingina da duwatsu da daji ta ɓangaren Bwari da Dutse sun sha fama da masu satar mutane a farkon 2024, kuma duk wanda yake da 'ya'ya ba zai yi wasa da wannan ba. A Kubwa, tsakiya ta fi gefe kwanciyar hankali, kuma tsakiyar ce ta fi tsada.

Lugbe wata duniya ce daban. Tana cikin ƙaramar hukumar birni, wato AMAC, a kan titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsakanin ƙofar shiga birni da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Titin yana da faɗi, a miƙe yake, kuma in ba a tsayar da motoci don wucewar wani babba ba, mai aiki a Garki, Area 1, Sakatariya ko Babban Asibitin Ƙasa zai isa da wuri. Ga ma'aikacin filin jirgi kuwa, ko mai yawan tafiya ta sama, ba sai an yi dogon lissafi ba. Gidajen Lugbe sun fi na Kubwa sabunta. Yawancinsu a cikin rukunin gidaje suke, masu katanga da ƙofa da maigadi, da tayil da silin na zamani, irin waɗanda amarya ke gani ta ce nan take so.

Kyan ginin kada ya rufe maka ido daga abu uku. Na farko, galibin gidajen Lugbe da bohol suke rayuwa, bohol kuma sai da wuta yake turo ruwa. Ranar da tiransifoma ta lalace, ruwa ma ya tafi. Na biyu, zaman rukunin gidaje yana da kuɗin hidima na shekara, na masu gadi da kwashe shara da gyaran hanya, wanda ba ya cikin kuɗin hayar da aka gaya maka. Na uku shi ne ambaliya. Rafuka sun ratsa yankin, an kuma yi gine-gine a kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta afka wa rukunin gidaje na Trademore a 2021, ta sake dawowa a watan Yunin 2023, ta nuna wa kowa abin da ruwan awa kaɗan zai iya yi. Gidan da ke cikin kwari, ko ka ga an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu kawai, ka tsaya ka yi tambaya a wajen maƙwabta.

Akwai kuma Lugbe ta masu ƙaramin ƙarfi, wato ƙauyukan da suka jeru a bakin titin, irin su Kuchingoro, Piwoyi, Aleyita, Sabon Lugbe da Gosa. Haya tana da sauƙi a can, kuma kusancinsu da birni yana jan hankali. Matsalar ita ce, a dokar Abuja duk ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, minista ne kaɗai yake ba da fili. Gidan da aka gina a filin da aka saya a hannun mai unguwa ko dagaci yana iya wayar gari da jan fenti a bango. Idan rusau ya zo, mai gida ya yi asarar gini, ɗan haya kuma ya yi asarar kuɗin da ya biya, ga kaya a waje. Gwauron da kayansa ba su wuce katifa da jaka ba zai iya ɗaukar wannan kasada. Mai mata da yara, ban ba shi shawara ba.

Sai ɓangaren gabas, inda jama'a suka fi yawa, haya ta fi araha, wahala kuma ta fi fitowa fili. Ya kamata baƙo ya rarrabe tun farko: Nyanya, Karu, Jikwoyi da Kurudu suna cikin Abuja ne, da zarar ka wuce Nyanya ka shiga Mararaba, ka shiga jihar Nasarawa, ƙaramar hukumar Karu, haka Ado da New Nyanya da Masaka. A taswira, wannan ɓangaren ya fi kusa da Asokoro da fadar gwamnati. A ƙafa kuwa, hanya ɗaya ce tak take ɗaukar dukan wannan taro, ta hawa da gangaren Kugbo zuwa shataletalen AYA. Mutane da yawa suna fita daga idar da sallar asuba, wasu ma kafin nan, don wanda ya yi jinkirin rabin awa zai iya biyan sa da awa biyu a cikin gosulo. Da yamma kuma a sake. Yaran gida sai su yi kwanaki ba su ga ubansu a farke ba.

Duk da haka ba na cikin masu kushe Mararaba gaba ɗaya. Abinci ya fi sauƙi a can. Kasuwar Lemo tana karɓar kayan marmari da na miya kai tsaye daga gonakin Nasarawa, Binuwai da Filato, ga doya, ga hatsi, ga mahautar Karu ba nisa. Ɗan kasuwar da shagonsa yake Nyanya ko Mararaba, malamin makaranta, tela, makaniki, duk wanda sana'arsa ba ta tilasta masa shiga birni kullum, a nan kuɗinsa zai fi yi masa auki. Wanda garinsu yake Jos, Bauchi, Gombe, Yola ko Lafiya, wannan ce hanyarsa ta gida. Abin da zai haƙura da shi shi ne rashin tsari: lunguna masu ƙunci, kwatoci a buɗe, shara, da ruwan da sai an saya a yawancin gidaje. Jikwoyi da wasu sassan Karu sun fi Mararaba tsari, kuɗinsu ma ya ɗara, amma gosulon iri ɗaya ne.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu, saboda haka lissafin da ya tsaya a kan kuɗin shekara kaɗai bai cika ba. Ga misali, don a ga yadda ake auna shi. A ce an nuna maka gida a tsakiyar Kubwa a kan naira miliyan 1.5, wani kuma a can cikin Masaka a kan naira 900,000. Bambancin naira 600,000 ne, kuma kowa zai ce na biyun ya fi. To a ce na biyun yana ƙara maka naira 1,500 a kullum, na acaɓa zuwa bakin titi da ƙarin kuɗin mota. Kwanakin aiki 22 a wata sun zama 264 a shekara, wato naira 396,000. A ce kuma kana sayen ruwan naira 500 kullum; a shekara naira 182,500 ke nan. Haɗa su, ka samu naira 578,500. Abin da ya rage na rangwamen bai kai naira 22,000 ba, kuma ba a sa awannin da kake zubarwa a hanya ba. Ka zauna ka sa naka alƙaluman na gaskiya a wannan gurbi; wani lokaci lissafin zai goyi bayan gidan nesa, wani lokaci kuma ya nuna maka cewa araha ba ta ado.

Wanda ba shi da mota ya ƙara da wani abu. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, saboda haka motocin haya ne za su kai ka, kuma a cikinsu ne 'yan fashin da ake kira wan-cans suke sajewa, musamman da asuba da bayan magariba. Gidan da yake kusa da tasha sananniya, inda za ka hau mota cikin jama'a, ya fi wanda zai sa ka tsaya kai kaɗai a bakin babban titi cikin duhu.

Maganar wuta kuwa ba ta unguwa ba ce, ta layi ce. Kamfani ɗaya ne, AEDC, yake raba wuta a Abuja da Nasarawa, kuma an kasa masu amfani da ita gida biyar, daga rukunin A da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka tsuga wa 'yan rukunin A kuɗi. Layi biyu a unguwa ɗaya suna iya kasancewa a rukuni daban-daban. Ka tambayi rukunin gidan, ka tabbata akwai mita mai kati, kuma taka ce kai kaɗai. Idan tsohon ɗan haya ya bar bashi a kan mitar, daga katinka za a riƙa cirewa. Mita ɗaya ga mutum shida kuwa ita ce uwar rigimar gidan haya: wane yana da firiza, wance tana guga kullum, kowa yana ganin an cuce shi.

Yanzu ga abin da ya fi damun ƙanena, ko da yake sai daga baya ya furta shi. Bai taɓa zama a unguwar da ba kowa ne Bahaushe Musulmi ba. A duk wuraren nan uku, maƙwabcinka zai iya zama Gbagyi ko Gwandara, waɗanda su ne 'yan ƙasa, ko Ibo, Bayarabe, Tibi, Idoma, Igala, Banufe, Eggon, ko mutumin kudancin Kaduna. Da yawa daga cikin namu suna zuwa da niyyar neman layin da 'yan'uwa suka taru, kuma na fahimci dalili: ana son masallaci a kusa, Islamiyya ga yara, mahauci da aka yarda da yankansa, da mutanen da za su tsaya maka ranar suna ko ranar rasuwa. Waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma ana samun su a Kubwa da Nyanya da Mararaba ba tare da wahala ba. A Lugbe ma akwai, sai dai a wasu rukunan gidaje sai ka fita waje kafin ka samu jam'i, saboda haka ka duba da idonka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya karɓi gida marar ruwa, mai nisa, a cikin kwari, don kawai layin na Hausawa ne. Na ga waɗanda suka yi haka suka tashi bayan shekara.

A ɓangaren Mararaba za ka yi mamakin yadda Hausa take gudana. Mutanen Nasarawa da Filato da kudancin Kaduna da ita suke ciniki, da yawansu da ita suke ibada a coci, saboda haka uwargidan da ba ta jin Turanci ba za ta rasa abokiyar hira ba. A Kubwa da Lugbe Turancin buroka ya fi ƙarfi, yara kuma cikin wata kaɗan za su kwaso shi. Wannan ba abin tsoro ba ne, matuƙar ana yi musu Hausa a cikin gida.

Abin da yake haɗa maƙwabta faɗa ba kasafai yake zama addini ko ƙabila ba, yawanci tsarin gidan ne. A gidan yawa, inda ɗakuna suke kallon juna, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya aka zuba sai an ji kansu. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ga matar da ta saba da tsakar gida da zaure, fita wanka ta gaban ƙofar gwauraye abu ne mai nauyi. Ciki da falo mai banɗaki da kicin a ciki, ko da ƙarami ne, ya fi mata ɗakuna biyu manya a gidan yawa. Fulat ɗin Abuja kuma ba shi da zaure, baƙo namiji kai tsaye falo yake shiga, don haka ka duba ko akwai ƙofar baya ta kicin da iyali za su riƙa bi.

Akwai tambayoyin da ya kamata Bahaushe ya yi wa mai gida tun kafin kuɗi ya fita, ba tare da jin kunya ba. Mutum nawa aka yarda su zauna? Mu mutane ne masu baƙi, kuma wanda yake Abuja gidansa masauki ne: mai neman fasfo, mai zuwa asibiti, mai jarrabawar ɗaukar aiki, mai tafiya Umara, duk wajenka za su sauka, musamman in kana Lugbe kusa da filin jirgi. Wasu masu gidaje suna rubuta adadin mutane a takarda. Ana iya ɗaure rago a yanka shi a harabar gida ranar layya? An yarda a yi girki da gawayi? In bene ne, na ƙasa zai jure daka? Akwai kare a harabar, kuma sake yake ko ɗaure? Sannan ka zagaya bayan gidan da daddare, musamman daren Juma'a da Asabar, ka ji ko akwai mashaya ko wurin biki ko cocin da ake kwana ana addu'a da lasifika. Ka kuma tuna cewa yadda wannan ƙarar take hana ka barci, haka lasifikar masallacinku take tada maƙwabcinka da asuba, kuma yana haƙuri. Wanda ya shiga unguwa da wannan tunani ya fi daɗewa lafiya.

Za ka gamu da masu gidan da za su ce ba sa ba Bahaushe haya. Abin yana da ciwo, kuma ba daidai ba ne. Haka ake yi wa Ibo a wani gidan, haka ake yi wa mace marar aure kusan ko'ina. Kada ka roƙi irin wannan mutum. Wanda ya ƙi ka tun a ƙofa ba zai gyara maka rufi ba. A gefe guda kuma, na zauna da maƙwabciya Kirista wadda ita ta kai matata asibiti cikin dare ina wajen gari, kuma shekara da shekaru naman layyarmu yana shiga gidanta, shinkafar Kirsimetinta tana shigowa namu. Ba a sanin irin wannan daga dillali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ka samu mai shagon layin, ko maigadi, ko ɗan hayar da yake shirin tashi, ka tambaye shi abin da ya sa yake tashi. Ka tambayi yadda unguwar ta kasance a lokutan zaɓe, ko lokacin da aka yi rikicin 'yan acaɓa da 'yan kasuwar katako a Dei-Dei a watan Mayun 2022. Unguwar da take da ƙungiyar mazauna mai haɗa kowa da kowa, ana tara kuɗin 'yan sintiri tare, ana zama a sasanta, ta fi katanga mai tsawo amfani.

Dillalai kuwa halinsu ɗaya ne a ko'ina. Za a nemi kuɗin duba gida kafin a nuna maka komai. In ka amince, bisa al'ada akwai la'adar dillali kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya wanda shi ma yakan kai haka, da kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar maka ranar tashi. Gidan miliyan ɗaya ya zama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da ɗoriya kafin ka karɓi makulli. Kada ka tura kuɗin haya asusun dillali. Ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyan da yake wakiltarsa a ofishinsa, ka biya ta banki da sunan da yake cikin takardar yarjejeniya, ka karɓi rasit. An sha karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya. In an yi alƙawarin gyara, a rubuta shi, ko a yi shi kafin ka biya. Ka ɗauki hoton kowane lungu ranar da ka shiga, don ranar da za ka nemi kuɗin ajiyarka.

Ka karanta sashen notis da kyau. A dokar da take aiki a Abuja, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, na wata-wata kuma wata guda, sannan bayan ya ƙare a ba shi na kwana bakwai kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko watsa maka kaya da hannunsa. Amma idan yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta rage wannan wa'adi, abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta duba. Mazaunin Mararaba ko Masaka kuma ya san cewa dokar jihar Nasarawa ce take kansa, kotunan jihar ne kuma za su saurare shi.

Da ƙanena ya matsa sai na faɗi zaɓina, ban yi masa kwana-kwana ba. Mai iyali da yake aiki a Wuse, Utako, Jabi ko Maitama, kuma garinsu yana kan hanyar Kaduna, ya nemi tsakiyar Kubwa, ko da ɗakunan za su ragu. Matashi ko sabon ango mai mota, da yake aiki a Garki ko filin jirgi, Lugbe ta fi masa, a kan tudu, a gidan da yake da takardun gwamnati. Mai sana'ar kansa, ko wanda aikinsa yake Nyanya, Karu ko Keffi, ya zauna Mararaba ya ci arahar abinci. Wanda kuma dole ne ya sa hannu a ofis ƙarfe takwas kullum a cikin birni, Masaka ta yi masa nisa, kome sauƙin hayarta.

Shi da yake Sakatariya zai riƙa zuwa, Lugbe ta fi masa saurin hanya, kuma ya ga wani sabon gida a can da ya kwanta masa a rai. Na ce kafin ya biya ya kwana a kowace unguwa daren Lahadi, ya fita da safen Litinin a motar haya kamar mai zuwa aiki, ya duba agogo. Muka kuma yi sa'a lokacin watan Agusta ne, ruwa yana zuba. Da ya koma gidan Lugben bayan ruwan dare, ya tarar da layin ya zama rafi, masu gadi suna jera bulo don mutane su taka. Ciki da falo ya kama a Phase 4 ta Kubwa, tsohon gini, famfo yana zuwa, masallaci yana ƙarshen layi, na gefensa kuma wani malamin makaranta ne ɗan Binuwai. Ya sa an rubuta gyaran rufin kicin a cikin yarjejeniya, aka gyara kafin matarsa da yara biyu su sauka a tashar jirgin Kubwa.